Malamar da uwar miji ta hana waƙa: yadda wata mawaƙiyar Bihar ta kai shekara 53 tana sana'a

Duk wanda ya taso da kallon fim ɗin Indiya, ko a Kano ne ko Damagaram ko zangon Kumasi, zai yi wuya ace bai taɓa jin muryar matar nan ba, sai dai bai san ita bace. A cikin Maine Pyar Kiya na 1989 akwai wata waƙa guda ɗaya da muryar ta fita daban, ba siririyar nan da muka saba ji ba, murya ce mai ɗan kauri tana bi ta hanci kamar ta matar ƙauye dake waƙa a tsakar gida. Toh ita ce. Ba zan kama sunanta ba, Malama kawai zan dinga ce mata tunda dama malamar kwaleji ce. Abinda nake so mu bi shi ne matsala ɗaya da ta biyo ta tun daga ɗakin aure har asibiti, wato yadda 'yar gidan mutunci zata maida waƙar cikin gida sana'a a garin da ake wa mace mai waƙa a fili kallon banza.

Asali, 1952 zuwa 1970

An haife ta ranar 1 ga Oktoba 1952 a wani ƙauye da ake kira Hulas, yanzu yana gundumar Supaul a arewacin jihar Bihar, ba nisa da iyakar Nepal. Ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'ya tara, sauran takwas ɗin duk maza. Babanta ma'aikacin ilimi ne, shi ya sa tayi boko kuma shi ya bari aka koya mata waƙa ta ƙa'ida irin ta Indiya mai ma'auni, har ta kai ga samun takardun shaida akai.

Akwai wani abu da ya kamata a sani tun yanzu dan zai dawo a gaba. Yarenta na gida Maithili ne, ba Bhojpuri ba. A Bihar manyan yarukan gida uku ne, Bhojpuri a yamma, Maithili a arewa maso gabas, Magahi a tsakiya da kudu, kuma duk tayi waƙa dasu. A ƙidayar 2011 masu jin Bhojpuri sun haura miliyan 50 a Indiya, Maithili kuwa wajen miliyan 13 da rabi, amma abin mamaki Maithili ne aka saka a jerin yarukan da tsarin mulki ya amince dasu tun 2003, shi Bhojpuri har yau a ƙarƙashin Hindi ake lissafa shi. Ga kuma jikokin leburorin da Turawa suka kwasa zuwa gonakin rake a Mauritius da Fiji da Suriname da Trinidad tun daga 1834, yawancinsu daga yankin Bhojpuri aka ɗebo su. Kenan kasuwar waƙa tana wajen Bhojpuri.

Su kuma matan yankin dama can suna da waƙoƙinsu, babu abinda ake yi babu waƙa. Akwai sohar ta haihuwa, akwai na biki kala kala tun daga shafa wa amarya kurkum har ranar rakiya inda ake kuka, akwai gari wadda dangin amarya ke zolayar dangin ango da ita suna cin abinci, akwai kajri ta damina, har waƙar niƙa suna da ita, jatsar suke ce mata, sai kace namu na dutsen niƙa. Duk wannan halal ne a wajensu matuƙar a tsakar gida ake yi, mata zalla, kuma babu wanda ya biya ki.

Inda matsalar ta fara, 1970

A 1970 aka yi mata aure aka kaita wani ƙauye a gundumar Begusarai. Kamar yadda ita da kanta ta sha faɗa a hirarraki, uwar mijin cewa tayi a gidansu suruka bata fita waje waƙa, in zata yi tayi a ɗaki. Baban mijin shi mai son waƙoƙin ibada ne, sai ya bada dama tayi waƙar bauta a wurin ibadar ƙauyen, ai kuwa tsohuwa tayi fushi har abinci ta ƙi ci.

Ba wai mugunta ce kawai irin ta uwar miji ba. A lokacin macen da ke waƙa a gaban maza ana biyanta, da 'yan rawa da matan da ake kira gidan masu kuɗi su nishaɗantar ake haɗa ta, kuma gidan da ke ji da kansa ba zai so a nuna surukarsa da yatsa ba. Mu ma ai ba baƙon abu bane a wajenmu, ka tambayi duk yarinyar da ta taɓa cewa zata shiga situdiyo me aka ce mata a gida.

Abinda aka fara gwadawa shi ne sulhu na rabi da rabi: waƙar ibada eh, sauran a'a. Ya kashe wutar na ɗan lokaci amma bai buɗe hanyar sana'a ba, dan waƙar da ake yi a wurin ibadar ƙauye iyakarta ƙauyen. Wanda ya tsaya mata tsayin daka shi ne mijin, shi ke lallaɓa uwarsa kuma shi ke raka ta duk inda zata.

Gwajin Lucknow, 1971

A 1971 kamfanin HMV, wanda a lokacin kusan shi kaɗai ke buga faifan garmaho a Indiya, ya zo neman sabbin muryoyi a birnin Lucknow. Mijin ya kaita. A gwajin farko aka ce bata yi ba. Ta bada labarin cewa dan haushi taje ta dinga shan ƙanƙara wai gara muryar ta lalace kowa ya huta. Mijin ne ya koma ya roƙa a sake bata dama, aka sake, wannan karon ta wuce, kuma a nan ne babbar mawaƙiyar nan Begum Akhtar ta ji ta ta ƙarfafa mata gwiwa ta cigaba da horar da muryar.

Waƙar da aka fara buga mata ta biki ce da Maithili, irin wadda ƙannen ango mata ke yi suna tare ƙofa ranar da ya kawo amarya, ba zai shiga ba sai ya biya tukuici. Kusan sayen baki ne irin namu, sai dai can 'yan'uwan angon ne ke karɓar kuɗin. Wato dai abinda kowace mace a ƙauyensu ta iya, shi ta ɗora a faifai. Daga nan mutane suka fara jin waƙar a gidajen biki suna zuwa suna yi wa tsohuwa barka, wai surukarki ce fa, a hankali fushin ya sauka. Babu wanda ya kada ta da hujja, yabon maƙwabta ne ya canza mata ra'ayi.

Albashi, rediyo da kaset

A shekarun da suka biyo baya abubuwa uku suka haɗu. Ta samu aikin koyar da kiɗa da waƙa a kwalejin mata dake Samastipur, inda ta zauna shekara da shekaru har tayi ritaya, har digirin digirgir tayi a fannin. Tana kuma waƙa a gidan rediyon gwamnati, All India Radio. Sai kuma kaset ya shigo a shekarun 1980, kamfanin T-Series da aka kafa a 1983 ya karya farashi ya cika kasuwa da kaset mai arha a yarukan gida, direban mota da lebura da mai shayi kowa ya samu abin saurare da yarensa. Ta rera baitocin Vidyapati, tsohon mawaƙin Maithili da ya rayu wajen shekara 600 da suka wuce, wanda ya jawo mata girma a wajen 'yan boko, ta kuma yi kasakasai na waƙoƙin biki da Bhojpuri wanda ya kaita gidan talaka.

Amma abinda ya zama jarinta na gaske shi ne Chhath, kuma dole in ɗan tsaya a nan dan in ba'a gane bikin ba ba za'a gane labarin ba. Chhath ibada ce ta mabiya Hindu a Bihar da gabashin Uttar Pradesh da kudancin Nepal, ana yinta kwana huɗu, babbar ranar tana zuwa kwana shida bayan Diwali, bikin fitilu na mabiya Hindu, wato ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba. Rana suke bauta wa da wata abar bautarsu da suke kira Chhathi Maiya. Yawanci mata ne ke ɗaukar nauyin, su yi azumin wajen awa 36 ko ruwa babu, sannan su shiga kogi ko tafki su tsaya ruwa iya ƙugu, da yamma lokacin faɗuwar rana da kuma asuba lokacin fitowarta, riƙe da faifan gora an jera ayaba da rake da kwakwa da thekua, wani soyayyen abu na alkama da mazarƙwaila mai kama da cincin ɗinmu. Ba'a buƙatar malamin addini ya jagoranta, matan gida ne ke yin komai, kuma duk abinda suke yi da waƙa suke yinsa.

Bihar jiha ce ta 'yan ci-rani. Mazanta suna Delhi da Mumbai da Punjab da Kolkata da ƙasashen Larabawa suna leburanci da gadi da tuƙi, amma in Chhath ta zo kowa gida yake nufa, har jiragen ƙasa na musamman ake ƙarawa kuma duk da haka mutane a tsaye suke tafiya. Wanda bai samu zuwa ba kuwa kaset zai saka ya zauna yana tuna uwarsa. Jimilla waƙoƙin Chhath 62 tayi a kundi tara, a kamfanonin HMV da T-Series da Tips. Ta ɗauko abin daga faifan gora ta ɗora a faifan garmaho, daga nan ya koma kaset, kuma bata canza masa kama sosai ba, ganga ce da harmoniya da 'yan amshi mata, kalmomin irin wanda tsohuwa zata ji bata kawar da kai ba. A 1991 gwamnati ta bata lambar girma ta Padma Shri, a 2000 ta samu ta Sangeet Natak Akademi, wato hukumar kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo ta ƙasar.

Gwajin Bombay, 1989 zuwa 1994

Kamfanin Rajshri, masu fina-finan iyali, su suka kira ta Bombay, wato Mumbai ta yanzu, cibiyar fim ɗin Indiya, ta rera waƙa a Maine Pyar Kiya, fim ɗin da ya fito da Salman Khan. A tsarinsu mawaƙi daban jarumi daban, kai kayi waƙa a situdiyo wani yayi mamin a fim, kamar dai yadda Kannywood ta ɗauko. Fim ɗin ya ci kasuwa ba kaɗan ba, amma kuɗin da jaridun Indiya ke ta maimaitawa cewa an biya ta akan waƙar shi ne rupi 76. A 1994 suka sake kiranta a Hum Aapke Hain Koun ta rera waƙar rakiyar amarya, irin wadda ke sa mata hawaye.

Suna kam ta samu, Indiya gaba ɗaya ta san muryar. Amma bata zama mawaƙiyar fim ta yau da kullum ba. Masana'antar tana da muryoyinta da ta saba dasu na jarumai mata, ita kuwa sai in ana neman ƙamshin ƙauye ake tunawa da ita, kuma wanda ke son cin abinci a Bombay dole ya tare can ya dinga bin ƙofar daraktocin kiɗa. Bata tare ba, ta koma Bihar ta cigaba da shiga aji. Bayan 1994 sai da aka yi shekara 18 kafin a sake jin ta a wani babban fim da ya yi tashe, Gangs of Wasseypur a 2012, nan ma waƙar biki ce ta mata da ganga, mace na ƙorafin mijinta ya rame tana ɗora laifin akan shugabanni.

Kasuwa ta juya, 2004 zuwa 2016

Fim ɗin Bhojpuri na farko ya fito tun 1963, masana'antar ta tashi ta faɗi ta kusa mutuwa a shekarun 1990, sai a 2004 wani fim da mawaƙi Manoj Tiwari ya fito a ciki ya ci kuɗi sosai, daga nan kowa ya ruga. Fina-finai suka yawaita, faifan bidiyo mai arha ya cika tasha, daga baya aka koma tura waƙa a waya. Masu saye yawanci samari ne 'yan ci-rani da ke kwana su goma a ɗaki ɗaya nesa da matansu, furodusoshi kuma suka gano abinda ke sayuwa da sauri, waƙa mai harshen damo, rawa da ɗan guntun kaya, kalmomin da ba zaka iya saurara a gaban babarka ba. Har ta kai in aka ce waƙar Bhojpuri a wasu biranen Indiya batsa ce ke fara zuwa wa mutum a rai, abin yana ƙona wa 'yan yankin rai matuƙa.

Ka ga abinda uwar miji ta ji tsoro a 1970 ya dawo ta wata ƙofar, yanzu ba gida ɗaya ke zargi ba, sana'ar ce gaba ɗaya tayi baƙin jini. Malama ta ƙi shiga, ta kuma dinga fitowa fili tana sukar abin a hirarraki da wajen taro. Sukar bata rage komai ba, kasuwar ma ƙara girma tayi. Ita kuma ta biya farashin ƙin, dan bayan kundin Chhath da ta fitar a 2006 sai da aka yi shekara goma cur babu sabuwar waƙar Chhath daga wajenta. Kaset ya mutu, kamfanonin da ta saba dasu sun koma wani lissafin. Abinda bai tsaya ba shi ne tsofaffin waƙoƙin, duk shekara in lokacin ya zagayo lasifika a bakin kogin Ganga a Patna, babban birnin Bihar, da tashoshin jirgi da lunguna su ake sakawa.

Dawowa ta intanet, 2016

A 2016 ta fito da sabbin waƙoƙin Chhath guda biyu, wannan karon ba ta hannun manyan kamfanonin kaset ba, da matasan Bihar masu harkar fim tayi aiki aka saka a YouTube. Ɗaya akan mace ce da ke ɗaukar azumin a karon farko tana neman afuwa in tayi kuskure, ɗayar kuma akan shi faifan goran ne da aka nema aka rasa. Duka biyun da 'yan birni da 'yan ƙasar waje suke magana, yaran da suka taso suna jin muryar a kaset ɗin iyayensu yanzu sun girma suna da waya da data. Ta farkon ta yaɗu sosai, miliyoyi suka kalla. Salon waƙar dai shi ne na da, hanyar kaiwa ga mutane ce ta canza.

Ciwo da ƙarshe, 2017 zuwa 2025

A 2017 aka gano tana da wani nau'in kansar jini da ke kama ɓargo. Ta cigaba da waƙa tana jinya, a 2018 aka bata lambar girma ta Padma Bhushan, wadda ta fi Padma Shri. A watan Satumba 2024 mijin ya rasu bayan ya faɗi jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, shekara 54 suna tare. Bayan 'yan makonni aka kwantar da ita a asibitin AIIMS na Delhi, tana kwance ɗanta ya saki wata sabuwar waƙar Chhath da ta riga ta ɗauka. Ta rasu ranar 5 ga Nuwamba 2024 tana da shekara 72, kuma ranar ita ce ranar farko ta Chhath ɗin shekarar. Aka kai gawar Patna aka yi mata jana'iza irin tasu da girmamawar gwamnati ranar 7 ga wata, ranar da mata ke shiga ruwa da yamma, ana ta saka waƙoƙinta a bakin kogin. A Janairu 2025 aka sanar da bata Padma Vibhushan, lamba ta biyu mafi girma da ake bawa farar hula a Indiya.

Abinda na gani a lamarin

Mutane suna son su ce tarbiyya ce da tsare mutunci suka ɗaukaka ta, ni dai ina ganin wannan rabin magana ne. Abinda yayi aiki a nawa lissafin shi ne inda ta ɗaure muryarta. Waƙar fim wata uku take yi a sama wata ta ture ta, amma biki da haihuwa da Chhath basa tsufa, kalanda ce ke yi mata talla kyauta duk shekara, shi ya sa shirun shekara goma bai kashe ta ba alhali mawaƙin fim da yayi shirun shekara biyu ma an manta dashi. Kuma da yake kalmomin na matan gida ne, matan gidan ne suka zama masu tsaron sunanta, tun daga maƙwabtan da suka je yi wa uwar miji barka.

Bombay bata gaza ba ta fuskar suna, amma bata zama sana'a ba, kuma ina ganin da ta tare can da ta zama ɗaya daga cikin masu jiran a kira su in ana buƙatar muryar ƙauye. Sukar batsa kuwa gaskiya bata yi tasiri ba, kasuwar tana nan yadda take har gobe.

Sai abinda masu yabo basa son ambata: albashin kwaleji. Cewa a'a ga furodusa yana da sauƙi in ƙarshen wata kuɗi zai shigo, ga uba ɗan boko, ga miji da ya roƙi a sake gwaji a Lucknow, ga gidan da ko an yi gulma ba za'a raina ba. Yarinyar da ke bin ƙungiyar kiɗa gidan biki zuwa gidan biki a ƙauyukan Siwan ko Chhapra na yammacin Bihar tana waƙa har asuba dan ta ciyar da ƙannenta, ita ma ƙila ta iya sohar da waƙar rakiya tsaf tun a bakin kakarta, amma ba wannan ake biyanta ta rera ba, kuma in ta ƙi akwai wata a bayanta da zata karɓi makirfon ɗin a daren.